Baba Kuku Ya Ɗaure Kaya

Duk wanda ya san shi, da Kuku ya san shi. Tun yana saurayi ya bi wani kamfanin shimfiɗa hanya yana wanke musu tukwane, har wata rana mai girkin ya kwanta ciwo aka miƙa masa ludayi, bai kuma ajiye shi ba sai da furfura ta gama cinye masa kai. Leburori sun zo sun tafi, injiniyoyi sun canza, kamfanin kansa ya sauya hannu, amma duk inda katafila ta tsaya aka kafa tantuna, can gefe inda iska ke kwashe hayaƙi za ka tarar da shi, ya jera duwatsun murhu ya ɗora rabin duro, yana yi wa masu ɗebo ruwa faɗa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, bayan hannuwansa duk tabon ƙuna. An ce ko shinkafa da wake kawai ya dafa, sai heluma, shugaban leburori, ya tsaya da sanda kafin layinsu ya daidaitu.

A gida kuwa baƙo ne. Sai damina ta tsai da aiki yake zuwa, yana warin hayaƙi da kwalta, da alawa a aljihu wadda zafi ya riga ya narkar. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, takan ce rabin miji aka ba ta, ɗaya rabin hanya ta riƙe. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, wadda yake kira Uwata. Ita ce ta girma ta zama malamar firamare, unguwa duka ta koma kiranta Malama. Abin da ta fi tunawa da shi tun tana yarinya shi ne mahaifinta bai taɓa yarda da gado ba. Tabarma yake shimfiɗawa a bakin ƙofa, ya yi matashi da takalmansa.

Da ƙarfinsa ya ƙare kamfani ya sallame shi, matar kuma ta riga shi gidan gaskiya, sai Malama ta ɗauko shi ya dawo wurinta. Mijinta mai gyaran firiji ne, mutum mai sanyin hali. Ya kwashe matattun firijin da ya tara a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, ya shafe shi da farin fenti, ya sa gado da fanka. Yaransu suna makarantar kwana, don haka aka ɗauko Goggo, ƙanwar Kuku, wadda ita ma mijinta ya rasu, ta riƙa taya shi zama idan kowa ya fita aiki. Kuku ya zagaya ɗakin, ya bubbuga bango da tafin hannu, ya dubi surukinsa ya ce, "Injiniya, ka yi ƙoƙari. Sai dai wanda ya kafa wannan bai yi niyyar tashi ba." Aka yi dariya. Washegari aka tarar da gado yadda aka gyara shi, shi kuwa yana kan tabarma.

Shekarun farko lafiya lau aka yi su. Ya ƙwace wa Goggo madafa, kullum suna cacar baki a kan gishiri. Da yamma yakan zauna a tsakar gida kusa da famfo yana ba da labarin dazuzzukan da ya kwana. Wata rana ya ji Malama tana gaya wa mijinta cewa jibi za su shiga zango na biyu a makaranta.

"Zango na biyu," in ji Kuku. "Ina za ku, Uwata?"

"Ba inda za mu, Baba. Haka ake kiran rabon shekarar karatu."

"To kun ari kalmar mutane ba ku tambayi masu ita ba." Ya gyara zama, ya miƙe ƙafa. "Ta fatake ce. Kakana ya yi fatauci da jakuna, a bakinsa na fara jinta. Ayari ya wuni yana tafiya, rana ta yi sanyi, sai madugu ya duba inda akwai ruwa da inuwa ya ce a yada zango. A sauke wa dabbobi kaya, a hura wuta, a kwana. Wurin nan sunansa zango. Tafiyar da aka yi daga wancan masauki zuwa wannan, ita ma zango ake ce mata, shi ya sa za ki ji an ce saura zango biyu a isa. Kalma ɗaya ta riƙe zama ta riƙe tafiya. Mu ma a bakin aiki haka muka gaje ta, jakunan ne kawai suka koma tifa."

"Su fataken a ina suka samo ta, Baba?" in ji surukin.

"Wannan sai Allah. Akwai wani direban gireda, motar nan mai baje ƙasa, da ya rantse mana wai daga 'zan goce' ta fito, don duk wanda ya sauka gocewa zai yi. Amma mutumin nan ko ina kwana ya ce maka, sai ka leƙa ka ga ko gari ya waye."

Goggo tana tsince wake a tire ta ce, "Ni dai a rediyo sansani nake ji ana cewa."

"Sansani daban," in ji shi, murya ta ɗan sauya. "Na mayaƙa ne, da waɗanda tsoro ya koro daga gidajensu. A zango safiya ake jira, a sansani abokin gaba ake jira. Kada Allah ya kwanar da ke a can."

Malama ta ji daɗin bayanin, har ta kai wa 'yan ajinta. Ba ta kawo komai a ranta ba.

Da shayi lalurar ta fara. Sau biyu a jere ya zuba gishiri a madadin sukari, ya rantse Goggo ce ta sauya masa gwangwanaye. Aka bar shi a tsufa. Sai wata rana Malama ta dawo daga makaranta ta hango hayaƙi yana tashi ta saman katangarsu. Ta shiga ta tarar ya haƙa murhu a tsakar gida, ya ɗora duk wata tukunya da ke gidan, ya kusa ƙarar da buhun shinkafa. Goggo na tsaye a ƙofar ɗaki tana kallonsa. Shi kuwa yana bakin ƙofar gida, hannu a goshi, yana duban titi.

"Yara sun makara yau," ya ce da Malama. "Ko gireda ce ta sake lalacewa?"

Ranar maƙwabta suka sha rabo, suna ta raha wai Baba Kuku ya yi musu walima. Malama ta taya su murmushi da baki kawai. Da aka watse ta zauna ita kaɗai ta wanke tukwanen.

Daga nan sai ɗaure kaya. Kowace asuba zai naɗe tabarma, ya tura ludayinsa na ƙarfe da kofi da wuƙar yanka a ciki, ya ɗaure da igiya irin ɗaurin da ba ya kwancewa. Ya yayyafa wa kurfoti ruwa ko da ba wuta a ciki, ya share tsakar gida tas, sannan ya zauna a kan kayan a bakin ƙofa.

"Mota ba ta zo ba, Uwata?"

"Sai gobe, Baba."

Sai ya gyaɗa kai ya kwance. Wuƙar dai Malama ta ɓoye ta a ƙasan akwatinta, ya yi kwanaki yana nema yana zargin leburorin da babu su.

Suka kai shi asibiti. Likita ya yi masa 'yan tambayoyi, ya amsa wasu, ya yi wa wasu dariya. Da aka fita da shi, likitan ya dubi Malama ya ce gigin tsufa ne, kuma ba ya komawa baya. Ya rubuta maganin da zai riƙa kwantar masa da hankali, ya ƙara da cewa, "Ku kula da ƙofa. Irinsu tafiya suke yi, kuma ba su san hanyar dawowa ba."

Mai gyaran firiji ya sayo ƙaton kwaɗo ya sa wa ƙofar ƙarfe, aka ɗaura makullin a zare aka rataya wa Goggo a wuya. Safiyar farko Kuku ya ja ƙofa ya ji ta gam. Ya daɗe yana kallon kwaɗon, yana shafa shi da babban yatsa.

"Uwata, wa ya kama mu?"

"Ba kowa, Baba. Don ɓarayi ne."

"Da rana tsaka?" Ya juyo ya dube ta, irin duban da bai taɓa yi mata ba. "Ashe sansani ne."

Daga ranar gidan ya canza. Ya daina wasa, ya daina shiga madafa. Surukinsa da yake kira Injiniya ya koma "mai gadin nan". Ba ya cin abinci sai Goggo ta ɗanɗana a gabansa, kuma ko ta ɗanɗana loma biyu yake yi ya ture. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wuni yake yi a gindin bango yana auna tsayin katanga da ido. Wata safiya Malama ta tarar an kifa bokiti a kan benci a jikin katangar, an kuma jingina turmi kusa da su. Ta kwashe ba ta ce wa kowa komai ba. Idan tana aji tana rubutu a allo, wayarta ta yi ƙara a jaka, sai ta ajiye alli ta ruga ta duba ko daga gida ne.

Ranar da aka yi kiran kuwa, masu kwashe shara ne suka zo, Goggo ta buɗe musu, ta juya ɗauko kwandon madafa. Kafin ta fito babu shi babu kayansa. Aka bazu cikin unguwa. Wani mai babur ya ce ya ga tsoho da tabarma a ka ya nufi bayan tasha, inda ake yanka sabuwar hanya.

Can suka same shi. A bayan tashar akwai fili da ma'aikatan hanyar suka yada zango: tantuna, tankin ruwa, janareta, tulin tsakuwa, katafila biyu a kwance kamar shanu. A ƙarƙashin wata rumfar tamfol Malama ta hango mahaifinta ya naɗe hannun riga, yana juya tukunya da ludayinsa, yana ba wata ƙatuwar mata umarni. Matar ita ce mai girkin wurin, leburori suna kiranta Mama.

"Naku ne?" in ji Mama, tana dariya tana share gumi da gefen zani. "Zuwansa ke da wuya ya ce murhuna ya ba iska baya, ya sa aka juya shi. Kuma gaskiyarsa, yau hayaƙi bai shiga idona ba."

Kuku ya ɗago ya ga 'yarsa, fuskarsa ta washe. "Uwata, me ya kawo ki wurin aiki? Injiniya, har da kai? Ku zauna, yanzu za a sauke."

Malama ta nemi wuri a kan wani bulo ta zauna. Rabon da ya kira mijinta da wannan suna har ta manta. Tana kallo ya raba wa leburori abinci, bai zubar da ƙwaya ɗaya ba, sannan ya cika kwano ya cinye, ya ƙara.

Heluman wurin, wani dogo mai hular kwano, ya ja su gefe ya ji labari. Ya sosa gemu ya ce, "Ku bar shi yana zuwa, Malama. Ba ya tare wa kowa hanya, kuma Mama na sa masa ido. Ni ma ina da irinsa a gida."

Haka aka yi. Kullum da safe mai gyaran firiji zai goya shi a babur da tabarmarsa ya kai shi, da yamma in ya rufe shago ya ɗauko shi. Kumatu suka dawo. Ya koma tsokanar Goggo. Kwaɗon ma ya daina kallonsa, don a ganinsa yanzu gida wurin kwana ne kawai. Malama ta fara barin waya a jaka har a tashi daga makaranta.

Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne hanya tafiya take yi. Kwalta ta miƙe, ta wuce gidajen ƙarshe na gari, sai wata rana aka kwance tantuna aka loda, aka sake kafawa can gaba da ramin da ake ɗibar yashi. Kuku ya yi farin ciki ranar kamar yaro, shi ya zaɓi inda za a sa murhu. Amma tafiyar ta ninka. Surukin ya koma buɗe shago da hantsi, masu kawo gyara suna ƙorafi, ya dawo gida bayansa na ciwo, bai taɓa cewa uffan ba. Malama kuwa duk sanda ta bi su ta ga inda katafila ta kai, sai ta dubi gaba, inda ƙasa ta gangara zuwa kogi.

Zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Heluma ya aiko a ce wa Malama yana son ganinta. Ta je ranar Asabar. Bai yi kwana-kwana ba.

"Za mu ƙetare kogi kafin ruwa ya sauka. Gada ba ta haɗu ba, ta can zagaye za mu bi da injuna, tafiya ce mai nisa. Kuma manya sun zo sun gan shi, sun ce ba sa son tsoho kusa da aiki. Na yi iya yina, Malama."

"Na gode," ta ce. "Kada a gaya masa."

"Ba mai gaya masa."

Ba a buƙaci a gaya masa ba. Da yammar, suna zaune bakin famfo, ya ce, "Sun fara zubar da ruwan tanki. Jibi za a tashi." Malama ta ce ita ba ta sani ba. Sai ya kama wani labari da bai taɓa ba ta ba. Wai a wani daji, shekaru da yawa, akwai wani lebura da zazzaɓi ya kama, ya ja jiki ya kwanta a inuwar wani kurmi bayan tantuna. Aka tashi da sassafe ana gaggawa, kowa ya ɗauka yana motar gaba ko ta baya. Sai da aka sauka aka zo rabon abinci kwanonsa ya rage. Aka koma nema, aka tarar da takalminsa ɗaya da inda ya kwanta.

"Tun daga ran nan ban taɓa hawa mota ba sai na zagaya na leƙa ko'ina," in ji shi. "Ba a tashi a bar mutum, Uwata."

"Ba za a bar ka ba, Baba."

Maganar ta fita kafin ta auna ta.

Aka tashi ba da shi ba. Safiyar farko aka ce masa babur ya lalace. Ta biyu aka ce an ba ma'aikata hutu. Malama ta shirya wa rigima, ta shirya wa ƙin cin abinci, amma ba ko ɗaya. Bayan 'yan kwanaki ma ya daina tambaya. Yana cin abin da aka ba shi, yana gode wa Goggo, yana gaida surukinsa da ladabi kamar baƙo. Kayan dai kullum a ɗaure suke, ya daina kwancewa ko da rana. Goggo ta ce alhamdu lillahi, Yaya ya haƙura. Malama ba ta yarda ba. Ta lura idonsa ya bar katanga, ya koma kan zaren da ke wuyan Goggo.

Ranar da abin ya faru gari ya tashi da wani irin zafi mai danshi, ko ganye ba ya motsi. Bayan kowa ya fita, Goggo ta shiga wanka, ta cire zaren ta rataya a ƙusar ƙofar banɗaki kamar yadda ta saba. Da ta fito ta ga zaren da makullin a inda ta bar su, ta mayar wuya, ta shiga ɗaki ta kishingiɗa, a zatonta Yaya na nasa ɗakin. Sai wajen azahar da ta kai masa abinci ta ga wayam. Ta je ƙofa ta tarar da kwaɗo a buɗe, an maƙala shi yadda daga nesa za ka ce a kulle yake.

Mai gyaran firiji ya ari a-kori-kurar maƙwabcin shagonsa, ya biya makaranta ya ɗauki Malama. Ba wanda ya tambayi wani ina za a nufa.

Filin bayan tasha ba kowa, sai tabon baƙin mai a ƙasa da ramukan turakun tanti. Amma a inda rumfar Mama take a da, an jera duwatsu uku sababbi, an share kewayensu da reshe, sawun sharar bai ko goge ba. Wani mai sayar da fetur a kwalabe ya ce ya ga tsohon, ya tsai da tifar yashi, direban ya san shi, ya ɗauke shi.

Suka bi sabuwar kwalta. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara tasowa tana kaɗa motar. A zango na biyu suka tarar da toka a tsakanin duwatsu. Malama ta sunkuya ta sa hannu ta ji ɗumi. Gefe ga gwangwanin da ya tafasa ruwa, ga shatin tabarma a kan yashi. Ya sauka, ya huta, ya tashi, komai a kan tsari. Ta miƙe ta ƙwala kira, iska ta dawo mata da muryarta.

Gaba kaɗan kwalta ta ƙare, burji ya karɓa, shi ma ya ƙare a gangaren kogi. Ruwa bai sauka a nan ba tukuna, amma an yi shi a can sama, don kogin ya yi ja, ya cika yana tafe da rassa da ciyayi. Ginshiƙan gada na tsaye a tsakiyarsa ba komai a kansu. A ɗaya gaɓar, can nesa, ana hango fararen tantuna da siririn hayaƙi yana tashi.

Sawun takalminsa ya gangara tiryan-tiryan har bakin ruwa, ya shiga.

Malama ta tsaya a wurin. Ta ƙura wa ruwan ido. Mijinta ne ya bi gaɓa yana duba ƙasa, har ya yi nisa, sannan ya ɗago hannu ya yafuto ta. Sawun ya sake fitowa can ƙasa, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ya nufi wani kwazazzabo inda aka ajiye manyan bututun kankare na kwalbati. Ɗigon farko ya fara sauka, manya-manya.

A cikin bututu na ƙarshe suka same shi, zaune a kan tabarmarsa da ta jiƙe sharkaf. Rigarsa jiƙe take har ƙirji, jikinsa na karkarwa, ruwan kwazazzabon ya riga ya fara bi ta cikin bututun yana shafar idon sawunsa. Ya dube su ba tsoro ba mamaki.

"Sannunku da hanya," ya ce. "Matafiya ne? Da na ce ku sauka, sai dai wurin nan ba shi da kyau, ruwa na tafe. Mutanena suna can ƙetare, yanzu za su aiko a ɗauke ni."

"Baba, ni ce."

"Sannu, baiwar Allah. Ki shigo daga ciki kada ki jiƙe."

Surukin ya durƙusa ya juya masa baya ya ce, "Baba, mu aka aiko." Sai ya yarda ya hau. Malama ta bi su da tabarma, laka na zare mata takalmi. Kafin su gama juya mota ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, da ta waiga ta tagar baya ba ta ga bakin bututun ba, kwazazzabon ya cika.

Sanyi ya kama masa ƙirji. Ya yi kwanaki a asibiti ana ƙara masa ruwa, aka sallamo shi ba don ya warke ba. A gida aka kwantar da shi a kan gado, wannan karon bai iya musu ba. Bai ƙara tambayar mota ba, bai kuma ƙara cewa Uwata ba. Idan Malama ta ba shi ruwa a cokali sai ya ce Allah ya yi mata albarka, ya tambaye ta 'yar gidan wa ce. Kafin damina ta fita, wata ranar Talata da hantsi, Goggo na yi masa fifita, ya cika.

Mutane sun zo gaisuwa sosai. Har Mama da heluma suka zagayo ta doguwar hanya cikin tifa, da leburori a baya, suka tsuguna a jikin katanga suka yi addu'a. Mama ta riƙe hannun Malama ta ce da sun san yana bakin kogi ranar, da ko da igiya ne sun ƙetaro. Malama ta ce ta sani.

Goggo ta ɗora wa kanta laifi, kullum zancenta da ba ta cire zaren ba. Malama tana ba ta haƙuri, alhali ita ma tana da nata abin da ke cin ta, wanda ba ta gaya wa kowa ba sai mijinta. Shi kuwa ya ce, "Da mun kulle shi da ya mutu da yunwa, da mun sake shi da ruwa ya ci shi. Mun yi abin da muka iya, kwanansa ne ya ƙare." Ta yarda da maganar, amma ba ta rage mata komai ba.

Watanni suka wuce, yara suka zo hutu suka koma. Wata Asabar Malama na wanki a bakin famfo, sai Goggo ta fito daga ɗaki da mayafi a hannu, ta tsaya tsakar gida tana duban rana.

"Malama, har yanzu Yaya bai dawo ba? Rana fa ta yi."

Malama ta tsai da hannu a cikin kumfa. "Wane Yaya, Goggo?"

"Yaya nawa gare ni?" in ji Goggo tana dariya. Sai ta dubi fuskar Malama, dariyar ta tsaya. Ta laluba bayanta ta zauna a kan benci, ta ninke mayafin ta sake warwarewa. "Na sani," ta ce. "Na sani mana. Bakina ne ya zame."

Malama ta ce ba komai, kowa na yi. Amma ranar Laraba Goggo ta sake tambaya, wannan karon kuma ba ta tuna ba sai da aka gaya mata, ta yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Malama ta rarrashe ta har ta yi barci, sannan ta shiga ɗakinta ta zauna a bakin gado, ta daɗe da waya a hannu kafin ta kira shago.

"Baban yara, in ka tashi ka biya ta asibiti, ka tambayo mana ranar da likitan nan yake ganin mutane."

"Wa ba shi da lafiya?"

"Ka dai tambayo," ta ce.